Bangon da Ba a Shafe Ba

Yaya Saifullah ya dawo daga Japan da akwati ɗaya tal. Mu da muka wuni muna share gida muna jiran tsaraba, da aka buɗe akwatin sai ga tufafin da ya tafi da su, da takalmi, da hotuna. Ba irin hotunan da ake kai wa dangi ba ne, na mutum tsaye gaban mota ko cikin ƙanƙara. Hotunan bango ne.

Zanen gine-gine ya je ya karanto a Tokyo, shekara da shekaru. Ya shimfiɗa hotunan bisa tabarma a tsakar gidanmu na unguwar Gidan Dare, yana nunawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan gidan tarihi ne. Wannan ɗakin karatun birni ne. Wannan zauren taro ne da aka binne rabinsa cikin ƙasa, haske na sauko masa daga sama. Dukansu kankare ne tsirara, launin toka, ba shafe ba fenti, da wasu ƙananan ramuka a jere kamar an auna su da zare.

Kaka Kulu, mahaifiyar Babanmu, ta ɗauki hoto ɗaya ta kai shi daf da idonta, ta juya shi, ta sake juyawa.

"To, maigidana," haka take kiran Yaya don tsokana, "yaushe za su ƙare aikin?"

"Ai sun ƙare, Kaka."

"Sun ƙare? Ba shahe, ba henti?" Ta ajiye hoton a hankali kamar mai ajiye marar lafiya. "Allah sarki. Ashe su ma talauci bai bar su ba. Kuma da wanga hali sunka ciyar da kai! Allah shi saka musu."

Kowa ya yi dariya, har Yaya. Ni ban yi ba. Akwai hoto guda da ya tsaya mini a rai: dogon bango, an tsaga shi siriri daga sama har ƙasa, rana ta ratso ta tsagar ta kwanta a daɓe kamar an zana layi da alli. Na so in ce masa ya yi kyau. Amma ni irin mutanen nan ce da sai sun jera magana a ciki sun gyara ta tukuna, kafin in gama gyarawa an wuce zancen, an koma tambayarsa ko da gaske ɗanyen kifi suke ci. Na ɓoye hoton cikin littafina.

Ba a jima ba ƙungiyar unguwarmu ta samu fili, wani bawan Allah ya bar shi wakafi, aka yanke shawarar a gina ɗakin karatu. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ƙasimu mai yadi, ya ce ba za a tafi neman mai zane a waje ba ga ɗan Malam Arzika a gida da takardar Japan. Malam Arzika shi ne Babanmu. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma ranar da aka ba Yaya aikin nan sai da ya ba kowane mai awo ƙari ba a roƙe shi ba.

Yaya ya gindaya sharaɗi guda: a gina yadda ya zana.

"Yi yadda ka gani, ɗana," in ji Alhaji Ƙasimu. "Mu namu ido."

Ban taɓa ganin mutum ya wahala kan bango irin wahalar da Yaya ya sha ba. Katakon da za a zuba kankare ciki sai an goge shi sumul, sai an shafe shi da mai. Idan aka cire katako ya ga tabo ko da girman ƙwayar wake ne, sai ya zauna bisa bulo ya riƙe kai. Magina suka sa masa suna Likita, wai yana duba bango kamar mai awon ciki. Sun yi ta lallashinsa: "Ranka ya daɗe, ai filasta za ta rufe." Yana cewa babu filasta, su kuwa su yi murmushi, don sun saba da masu gini da ke faɗin haka idan aljihu ya fara sanyi.

A ƙarshen damina ginin ya tsaya. Zaure ne babba mai sanyi ko da tsakar rana, saboda kaurin bangon, ga ramuka a jere irin na hotunan nan, ga tsaga siririya da aka bari don haske. Ta bayansa akwai tsakar gida da aka kewaye, an zuba farar tsakuwa an ja ta da manjagara layi-layi, an ajiye dutse guda ɗaya a gefe, wanda Yaya ya je har Wamakko ya zaɓo. Bangon da ke fuskantar tsakuwar nan shi ne ya fi kowanne. Da hantsi haske kan zubo masa a karkace, ramukan su yi inuwa, launin tokar ya koma kamar ruwa. Na tsaya gabansa na ji abin da nake ji idan na kai shafin ƙarshe na littafin da ba na son ya ƙare.

Yaya ya kira shugabanni ya ce an gama.

Alhaji Ƙasimu ya ɗaga kai ya dubi bango, ya dubi tsakuwa, ya dubi dutse. Ya dafa kafaɗar Yaya ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Ba komai, ɗana," ya ce. "Allah shi hore."

Daga ranar unguwa ta shiga tausayinmu. Masu babur suka samu sabon kwatance, Kangon Japan. Mata suka riƙa shigowa gidanmu suna gaida Innarmu da "ya ƙarin haƙuri", alhali ba wanda ya rasu. Wani maƙwabci ya aiko yaransa da baro su kwashe tsakuwar tsakar ginin, a ganinsa ragowar kayan aiki ce, kada ta lalace a banza. Baba ya daina zaman majalisa bayan la'asar. Daga masallaci sai gida, kansa a ƙasa.

Wata rana bayan cin abinci ya kira Yaya zaure. Ba ya kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. Ni ina kwashe kwanoni, na ji komai.

"Kai," Baba ya ce, "in kuɗin mutane sunka ƙare, hwaɗa min. Akwai gero a rumbu. Ba a jin kunyar uba."

"Baba, wallahi ba su ƙare ba. Haka ginin yake. A can, manyan gine-ginen birni haka ake barinsu. Ana son bango ya nuna abin da aka yi shi da shi, kada ya ɓoye komai."

"Kada shi ɓoye komai," Baba ya maimaita. Ya dubi rigar Yaya. "To kai don mi ka sa riga?"

Yaya ya yi bayani mai tsawo, har da haske da inuwa da shiru. Baba ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da Yaya ya fita sai ya ce da ni, ko da kansa yake magana ban sani ba: "Yaron ga akwai zurhin ciki. Ni ya gado."

Akwai abin da ke gaban Yaya wanda ni kaɗai ya gaya wa. Malamarsa ta Tokyo, wata tsohuwa da yake ambata da ladabi kamar tana ɗakin, tana shirya baje kolin ayyukan ɗalibanta. Ta ce ya aiko hoton gininsa na farko. Idan ya shiga, ƙofar aiki ta buɗe masa. Idan bai shiga ba, zai ƙare yana zana shaguna masu jan tayil. Bai ɗauki hoton ba tukuna, yana jiran a sa littattafai a sake zuba tsakuwa. Littattafan kuwa suna Legas, kyauta ce daga makarantarsu, sai ya je da kansa ya karɓo.

"Sadiyatu, ki sa mini ido kan ginin," ya ce da zai tafi. Ni ya bar wa. Ni da ko mai kayan miya ya ba ni ruɓaɓɓen tumatir sai in karɓa in yi godiya.

Motarsa ba ta wuce Shuni ba, ina jin, aka taru a zaurenmu. Na kai musu ruwa, na tsaya bayan labule da tire a hannu. Alhaji Ƙasimu ne ke magana.

"Yaron ga ya yi ƙoƙari. Ba mu bari a buɗe gini haka, baƙi su zo su yi muna dariya, su yi mishi. Gayya za mu yi. Ni na ɗauki henti. Kahin shi dawo mun ruhe mishi asiri, kuma kada wanda ya hwaɗa mishi, kada shi ji nauyi."

Aka yi fatiha. Na ji muryar Baba a cikin amin, ta fi ta kowa ƙarfi.

Na kira wayar Yaya, a kashe. Na tura saƙo, bai shiga ba. Na jera magana a ciki, na gyara ta, na sami Baba yana alwala.

"Baba, Yaya ya ce haka ginin yake."

"Na sani, 'yar nan. Haka za shi ce." Ya shafi kansa da ruwa. "Ɗa mai kunya kenan."

Iyakar abin da ya fito kenan daga dogon jawabin da na shirya.

Washegari unguwa ta fito. Ban taɓa ganin gayya mai daɗi irinta ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Matasa na kwaɓa siminti suna waƙa, mata na aiko fura da ƙosai, limaminmu da kansa ya naɗe hannun riga. Baba na ɗauke da kwanon kwaɓi bisa kai kamar saurayi, yana dariya, dariyar da rabona da ji tun kafin a cire katako. Suka fara daga gaba. Ramukan da Yaya ya auna da zare aka bi su ɗaya-ɗaya aka toshe, wai kada zanzaro ya yi gida. Tsagar da ya bari don haske aka sa mata gilashi mai luba. Dutsen Wamakko majiya ƙarfi suka mirgina shi waje, aka kai shi bakin famfo don masu alwala su riƙa zama.

Saura tsakar baya. Na ji ana cewa sai gobe.

Na koma gida na tarar da Kaka Kulu tana faɗa da akuya. Ta yanka kuɓewa kwando guda, guro muke ce mata a nan, ta shanya, akuyar maƙwabta ta shigo ta yi ɓarna. Kullum haka suke, ita da akuyar nan. Na zauna kusa da ita. A gaban Kaka kaɗai maganata ke fitowa ba gyara, watakila don ba ta saurare sosai.

"Kaka, na san wurin da akuya ba ta shiga."

"Aljanna?"

"Bayan ginin Yaya. Bango ta ko'ina, ga ƙasa a share, ga rana. Ƙofa ɗaya ce."

Ta daina zagin akuyar ta dube ni. "Ashe ginin maigidana shina da amhwani."

Da sassafe muka tafi, ni da kwando bisa kai, ita da sanda. Ba ita kaɗai ba, ta aika wa ƙawayenta, tsofaffi irinta, kowacce da nata guro da tabarmarta. Kafin maza su gama karyawa an shimfiɗe tsakar nan da kuɓewa tun daga ƙofa har gindin bangon, tsofaffi sun jingina da shi, sun miƙe ƙafa, ana ta hirar wanda ya mutu da wanda ya kusa.

Matasa suka iso da tsani da kwanon kwaɓi suka yi cirko-cirko a ƙofa. Ba mai shiga inda iyaye mata ke zaune sun sauke mayafi. Aka kira Alhaji Ƙasimu. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya rage tsawo.

"Inna, barka da hutawa. Da kun ɗan gusa muna, za mu shahe bangon ga."

"Wa ka magana? Ƙasimu?" Kaka ta kare ido da hannu. "Ƙasimun da ni goya ya yi min hitsari ranar suna? Kai ad da girma yanzu?"

"Inna, aiki na."

"Nau ma aiki na. Siminti shi zuba cikin gurona, kai ka shan miyar? Sai ya bushe."

"Yaushe za shi bushe, Inna?"

"Tambayi rana."

Aka kira Baba. Ya leƙo, ya ga uwarsa, ya gaishe ta, ya juya. Ni ina kusurwa na buɗe littafi na rufe fuska da shi. Kuɓewar nan kuwa ba ta bushe ba har ranar da Yaya ya dawo, don duk wadda ta bushe sai in ga an kawo sabuwa. Labarin wurin ya bazu cikin tsofaffin unguwa.

Saƙona ya shiga wayarsa yana hanya. Ya amsa da kalma ɗaya: "Duka?" Na rubuta: "Kusan."

Motar littattafai ta tsaya gaban ginin da hantsi. Yaya ya sauko. Ginin ya zama kore shar daga ƙasa zuwa ƙugu, daga nan zuwa sama ruwan madara, an ja jan layi tsakani. An sa labule mai furanni a tagar da aka yi da tsagar haskensa. Duk unguwa na tsaye ana jiran a ga fuskarsa. Baba ne a gaba, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, amma siminti bai gama fita daga farcensa ba, kuma ya cinye masa fatar yatsu har ta tsage.

Na ga Yaya ya dubi bangon. Na ga ya dubi hannun Baba. Ya daɗe a kan hannun.

"Mun gode, Baba," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Aka ɗauki kabbara. Aka zaga da shi ɗaki-ɗaki ana nuna masa inda aka gyara masa, yana cewa madalla, madalla, da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Har aka iso ƙofar baya. Tsofaffi sun ja mayafi. Rana ta zubo a karkace bisa bangon toka, ramuka sun yi inuwarsu a jere, ƙasa kuwa kore da fari, kuɓewa yankakkiya bisa tabarmi. Yaya ya tsaya cak.

"Ka yi muna ahuwa," in ji Alhaji Ƙasimu. "Wanga ɗaya ya gagare mu. Amma gobe in Allah ya so ko da Inna za mu shahe shi."

"Gobe da sahe," Baba ya ce. "Ni ka hwara zuwa."

Na dubi Yaya. Na san bayanin nan na haske da inuwa ya taso masa har wuya. Ya haɗiye shi.

"Baba, ina roƙon alfarma. Kun yi mai wuyar. Wannan ku bar mini, in ƙarasa shi da hannuna. Kada a ce ɗanku bai taɓa cokalin magini ba a gininsa."

Liman ya ce, "Wallahi ya yi magana." Baba ya share ido da hannun riga. Kaka ta ce ita dai a tashi daga kan inuwar guronta.

Da mutane suka watse Yaya ya fito da kyamara. Ya durƙusa ya daɗe yana neman kusurwar da kore da ruwan madara ba za su leƙo ba. Ya so a kwashe kuɓewar, Kaka ta ce sai dai a kwashe shi. Haka ya ɗauka da ita. Da zai wuce ni ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wa ya gaya wa Kaka akuya ba ta shiga nan?" Ban gama jera amsar ba ya ja mini hijabi ya wuce.

Hoton ya shiga baje kolin. Malamarsa ta kira shi da kanta, muna ji yana ta sunkuyar da kai ga waya. Ta yaba bangon, amma abin da ya fi burge ta, in ji shi, shi ne yadda ya yi tunanin shimfiɗa amfanin gonar ƙasarsa a madadin tsakuwa. Ta ce wannan ya nuna ya wuce kwaikwayo. Yaya bai gyara mata ba. A gidanmu ma akwai hoton ginin, babba, cikin firam, an ɗauke shi daga gaba ranar buɗewa, kore da ruwan madara, Baba na tsakiya. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa aikin ɗan Japan. Masu babur sun daina cewa kango. Abin da ake cewa yanzu shi ne ɗan Malam Arzika ya iya gini, sai dai akwai shi da jinkiri.

Don Baba bai manta ba. Ya sayo buhun siminti ya jingine a zaure, inda Yaya ba zai fita ba sai ya gan shi. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya ce, "Kai, bangon nan hwa?" Yaya ya ce, "Ana shiri, Baba." Rani ya wuce ana shiri. Bazara ta wuce. Damina ta zo, rufin zaurenmu kuma yana yoyo ta daidai kusurwar nan, abin da Yaya, mai takardar gini daga Tokyo, ya fi kowa sani.

Da ruwa ya ɗauke, buhun ya daskare ya zama dutse. Yaya ya yage takardar ya zagaya shi yana kallo. Launin toka ne, sumul, da ɗan lotsawa a tsakiya inda ya jingina da bango. Ya nemo baro. Ni na riƙe masa ƙofa. Ya sake zuba tsakuwa a gefen da Kaka ta yarda ta bar masa, ya ja ta layi-layi, ya ajiye buhun daidai inda dutsen Wamakko yake a da. Ya ja baya ya dube shi, ya ɗan juya shi, ya sake ja baya.

Ina zaune gindin bangon da littafina ranar da Baba ya leƙo. Ya ga abin da ke tsakiyar tsakuwa, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kaya sun iso wurin aiki."